Ajiye Cokalin Nan, 'Yata

Ranar Talata bayan la'asar ina zaune a ƙofar ɗakina nan unguwar Aboabo a Kumasi ina tsince gero, sai ihu ya tashi daga ɗakin da ke kusa da famfo. Wata yarinya ce ke haya a can da mijinta, ɗansu ɗaya, bai cika shekara biyu ba, kuma tun safe na ga jikinsa ba daɗi. Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na tarar da yaron a cinyarta jijjiga ta kama shi, ya sandare, idanu sun juye sama, haƙora a datse, hannuwa da ƙafafu sai fizga suke. Uwar na riƙe da cokalin shayi tana neman ta ɓamɓare masa baki. Ƙanwar mijin ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo, wata maƙwabciya tana cewa a kawo tafarnuwa da manja.

Na fizge cokalin na jefar. Ta ce, "Mma, zai haɗiye harshensa!" Na ce, "Ba zai haɗiye ba. Sauke shi kan tabarma, juya shi ta gefe, ki cire hannunki." Kafin a gama neman tafarnuwar jikin ya saki, ya yi ajiyar zuciya, barci ya ɗauke shi. Ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin na taɓa riƙe cokali irin wannan, kuma ni ban tsaya a cokali ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, da damina. Ɗana na fari, wanda har yau ba na kiran sunansa, yana tatata. Maigida ya tafi Legas da lodin goro, daga ni sai surukata a gida. Zazzaɓi ya kama yaron, na sayo masa ruwan kulorokwin da farasitamol a shagon magani na bakin titi, zafin ya riƙa sauka yana hawa. Da ya fara rawar sanyi na ƙudundune shi cikin bargo, na rufe taga. Cikin dare jijjiga ta zo. Inna, wato surukar tawa, ta ce iska ce, an bar shi a tsakar gida da magariba. Ta ce in sa masa cokali, na sa. Sai ranar na san ƙarfin muƙamuƙin yaro. Na danna har na ji ƙas, haƙorin gaba ya karye, jini ya cika bakin. Ta haɗa man alayyadi da dakakkiyar tafarnuwa, ni na ɗura masa, yana shaƙewa ina ƙarawa. Sai ta taɓa ƙafafunsa ta ce sun yi sanyi, rai ne ke fita ta ƙasa, a kawo kurfoti. Ita ta hura garwashin, ni na riƙe ƙafafun a kan wutar. Yaron da ke cikin jijjiga ba ya janye ƙafa, ba ya kuka, ba abin da zai nuna miki zafin ya yi yawa. Da ya farfaɗo ya tsandara ihu muka yi hamdala, muka ce magani ya ci. Gari na wayewa tafin ƙafafun duka biyu sun yi bororo.

Na daɗe ina kare kaina, har yanzu ma wani lokacin ina yi. Shekaruna ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ɗan fari ne, mu kuwa da kunyar ɗan fari aka raine mu: ba ki kiran sunansa, ba ki nuna kin damu da shi gaban manya, balle ki ce wa uwar mijinki a'a a kansa. An sha gaya mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zamanin kash-an-kari ne kuma, sai kin ajiye kuɗi kafin a taɓa miki mara lafiya, abin da maigida ya bar mana kuwa na cefane ne. Ba waya a hannun kowa. Inna ma ba mugunta ta yi ba, Allah Ya jiƙanta. Ta binne 'ya'yanta tun kafin a haife ni, abin da ta ga ana yi shi ta yi, tana yi tana kuka. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai tasi a bakin titi a daren nan, akwai 'yan kunnen zinariya a kunnena, kuma na ji ƙauri na ci gaba da riƙewa, saboda tsoron a ce amarya ta raina surukarta. Wannan kam ba talauci ya jawo shi ba.

Washegari ma ba mu je asibiti ba, don kunyar ƙunar. Muka shafa masa man kaɗanya muka ɗaure da tsumma. Sai da numfashinsa ya koma sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, jijjiga ta dawo ta ƙi tsayawa, sannan na saɓe shi na fita ban nemi izinin kowa ba. Likita ya ce maleriya ce ta yi ƙarfi har ta shanye masa jini, man da na ɗura ya gangara huhu ya zama limoniya, ƙunar kuma ta fara ruwa. Aka ƙara masa jini. 'Yan kunnen da na ƙi rabuwa da su suka tafi, zannuwan lefena suka bi su. Nas ɗin da ke wanke masa ƙafa ba ta zage ni ba, ta dai tambaye ni da Tonanci, yaren Asante, wa ya yi masa haka. Na ce tatata yake ya taka garwashi. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta. Ƙaryar nan ita na gaya wa ubansa da ya dawo, ita na gaya wa yaron da ya girma ya tambayi tabon. Ya rayu, alhamdu lillahi, yau magidanci ne, amma fatar tafin ƙafarsa ta tattare, ba ya iya doguwar tsayuwa, ƙwallon da duk yaran Zango ke bugawa shi daga gefe ya kalla. Sai da matarsa ta haihu na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Mma, ya wuce." Ni dai bai wuce mini ba.

Abin da ya fi cin raina, da na naɗe hannu a daren nan, da jijjigar farko ta tsaya da kanta. Daga baya na san haka, a wurin awo, inda nas-nas ke yi wa mata bayani kafin a fara auna yara, lokacin da nake kai ƙannensa. Jijjigar zafin jiki tana kama yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5, ta fi yawa tsakanin shekara ɗaya da biyu, kuma cikin yara 100 biyu zuwa biyar za su taɓa yin ta. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gama ƙwari ba, idan zafi ya kai 38 a ma'auni ko ya wuce tana iya rikicewa na ɗan lokaci. Tana bin jini, shi ya sa za ki ji an ce ubansa ma ya yi yana ƙarami. Yawanci ba ta kai minti 5. Gajeriyar ba ta lalata ƙwaƙwalwa, ba ta mai da yaro dolo, ba farfaɗiya ba ce, kaɗan ne ƙwarai cikin yaran nan ke zama masu farfaɗiya daga baya. Yawunsa ba ya sa wa kowa jijjiga. Harshe kuwa a ɗaure yake a ƙasan baki, ba inda zai je. Abin da ke toshe numfashi shi ne yawu da amai idan yaro na rigingine, da abin da mu muka cusa masa da hannunmu.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari masu yawa, sai na ga yawancinsu surutu ne. Idan jijjigar ta zo, 'yata, sauke shi ƙasa, kwantar da shi ta gefe, kau da kurfoti da tukunya daga kusa, sassauta masa riga, ki dubi agogon wayarki. Kada ki danne shi, kada ki jijjiga shi, kada ki sheƙa masa ruwan sanyi. Bakinsa kuwa ki bar shi: ba cokali, ba yatsa, ba manja, ba ruwa, ko farasitamol ne sai ya farka sarai ya gane ki. Ki yi addu'a da ƙarfi, ki tofa masa, wannan ba ya shaƙe kowa. Rubutun malam ya jira har yaron ya iya haɗiya.

Ina so in ce miki kada ki firgita, ina kuma jin tsoron ki saki jiki. A Kumasi muke, sauro na kwana da mu. Zazzaɓin da ya kawo jijjigar shi ne abin bincike, don zai iya zama mura ko ciwon kunne, zai iya zama maleriyar da ke hawa kai, zai iya zama sanƙarau, kuma ba ki da idon da zai bambanta su a ɗaki. Ko ya farka yana wasa, ki kai shi a ranar a soke masa yatsa a gwada jinin, cikin kamar minti 20 an sani. Idan ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta dawo a yini ɗaya, ko ɓari ɗaya ne ke fizga, ko wuya ya sanƙare, ko ya ƙi farkawa, ko jariri ne da bai kai wata 6 ba, wannan ba ta jiran maigida ya dawo daga kasuwar Kejetia. Kira 112. Amma kin san lungunanmu, motar asibiti ba ta shiga ko'ina, don haka in ga paragiya, wato keke mai ƙafa uku, ko tasi a bakin titi, shiga, asibitin Manhyia na kusa, na Komfo Anokye ma bai yi nisa ba. Riƙe shi a cinya ta gefe, kada ki goya shi. Suna da maganin da ke tsayar da ita, na allura da na dubura.

Ƙanwar mijin nan na yi mata faɗa sosai a kan bidiyo, yaro yana halin rai kwakwai mutu kwakwai, ita tana neman abin turawa a WhatsApp. Da suka dawo daga asibiti, an ce maleriya ce, sai uwar ke gaya mini likita ya nemi bidiyon da kansa, ya ga tsawon lokacin da ta ɗauka da yadda jikin ya yi. To, ku ɗauka. Amma mutum ɗaya, wanda ba shi ke kula da yaron ba, kuma likita za a nuna wa. Faɗan ban janye shi ba, don ita ba saboda likita ta ɗauka ba.

Ku yaran yanzu kuna ba ni haushi, gaskiya. Mu jahilci da rashi ya ci mu, ku me ya ci ku? Tun 2003 aka yi dokar inshorar lafiya, ana sabunta katin inshorar, wato na NHIS, ta waya da *929#, amma sai yaro ya sandare a tuna katinsa ya mutu tun bara, kuɗin data kuwa bai taɓa yankewa ba. Gidan sauron da aka ba ku kyauta a wurin awo yana cikin ledarsa a ƙarƙashin gado. Kowane mai sayar da jiƙo a TikTok ya zama likitanku. Kuna ba yaro ragowar maganin yayansa ba gwaji, wasu har asfirin, wanda ba a ba ƙananan yara. Farasitamol ma ki ba shi daidai yadda aka rubuta don ya ji sauƙin jiki, amma kada ki ninka wai don ki tare jijjiga, ba ya tare ta. An ce mini goge jiki da tsumma ma ba ya tare ta. Ni dai har gobe ina goge jikokina da ruwa mai ɗumi-ɗumi, hannuna ba ya iya zama.

Kullum ina cewa ba ku jin maganar manya, yanzu kuma zan ce akwai daren da ba za ki ji ba. Idan surukarki ko uwarki ko ni kaina muka ce a kawo wuta ko a ɗura wani abu, ki ce, "Inna, yi haƙuri," ki rungumi ɗanki ki fita. Za ta yi fushi, ki dawo ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ba za ki ragu da komai ba. Kai kuma maigida, wannan maganar kai ya kamata ka yi da mahaifiyarka tun yaro na lafiya, kada ka bar matarka ta yi ta ita kaɗai da tsakar dare. Kusan ɗaya cikin uku na yaran da suka yi sau ɗaya za su sake yi a wani zazzaɓin, kuma ba lalle kina gida ba. Mai riƙe miki shi in kin tafi kasuwa, kakarsa, yayarsa, malamar makarantar da kike kai shi, duk ki tara su ki shimfiɗa tabarma, ki kwantar da shi ta gefe a gabansu su gani da idonsu.