Kwamfuta ba ta jin wasali, hasashe take yi

Abin da ke burge ni a tsarin Markov na ɓoye, wato dabarar lissafin da ake amfani da ita don kwamfuta ta gane maganar mutum, shi ne, kwamfuta ba ta jin baƙi ko wasali, sawunsu kawai take bi. Ana yanka murya gunduwa-gunduwa, kowacce milisakan 25 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya), ana matsawa da milisakan 10, a ciro lambobi 39 masu siffanta sautin daga kowace gunduwa. Kowane sauti a ba shi matakai 3, wato farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Sai wani lissafi da ake kira Viterbi ya zaɓo jerin sautukan da ya fi yiwuwa.

Inda sababbin hannu ke tuntuɓe kuwa, wajen ninkawa ne, domin kowace gunduwa tana da ƙaramar lambar yiwuwa da ake ninkawa da na sauran. Maganar daƙiƙa 3 kacal kusan gunduwa 300 ce! Ka yi ta ninka ƙananan lambobi, sakamakon ya ƙanƙance har kwamfuta ta ɗauke shi sifili. Sai a koma logaridim, a riƙa tarawa maimakon ninkawa.