Na'urar BVAS ba ta ƙirga ƙuri'a

A makon jiya ina cikin motar haya direba ya kamo wani shirin siyasa a rediyo, sai na ji mai sharhi yana bayani da cikakken tabbaci cewa a zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta ƙirga ƙuri'un jama'a ta aika da su Abuja, kuma a hanya ne wasu gwanayen kwamfuta suka tare alƙaluman suka sauya su. Fasinjoji suna ta gyaɗa kai, mai gabatar da shirin kuwa bai ko tambaye shi ko ya taɓa riƙe na'urar a hannunsa ba.

Duk wanda ya tsaya a rumfar zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, 2023 har aka tashi ya san ba haka abin yake ba. Aikin na'urar na farko shi ne tantance mai zaɓe ta zanen yatsa ko ta fuskarsa, ta kuma adana adadin waɗanda aka tantance. Ƙuri'a kuwa takarda ce da ake dangwala wa yatsa a jefa a akwati, idan an gama a zazzage ta a gaban kowa, a ware ta jam'iyya-jam'iyya, malamin zaɓe yana ƙirgawa da ƙarfi jama'a suna amsawa. Da biro ake rubuta sakamakon a fom ɗin EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafinsu. Bayan wannan ne ake ɗaukar hoton takardar da na'urar a ɗora shi a IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe ta INEC, domin kowa ya gani. Hoto ne ke tafiya, takardar kuma a hannu ake kai ta mazaɓa, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, sannan jiha.

Ba wanke hukumar INEC nake yi ba. Ta yi alkawarin cewa za a riƙa ganin sakamakon rumfuna nan take, amma na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar zaɓe, ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma wannan jinkiri ya zubar mata da mutunci a idon mutane da yawa. A ranar 26 ga Oktoba, 2023 Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, don haka rashin ɗora hotunan bai isa ya rusa zaɓen ba.

Abin da ya fi ba ni takaici da maganar mai sharhin shi ne ta kawar da hankalin masu sauraro daga inda suke da ikon sa ido. Talaka ba shi da yadda zai yi da ɓarawon da aka ce yana ɓoye cikin intanet, amma yana iya ɗaukar hoton EC8A na rumfarsu da wayarsa, ya kwatanta shi da abin da aka sanar a cibiyar tattara sakamako. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta tanadi soke sakamakon duk rumfar da ƙuri'unta suka zarce adadin waɗanda aka tantance, kuma wannan adadi yana cikin na'urar da mai sharhin yake zargi. Har na sauka a tasha ban ji ya ambaci wannan tanadi ba.