Rabon mega a Damagaram

Ɗan Damagaram ba a koya masa rabon ruwa. Mun taso muna jera jarka a bakin famfo, in mai tano ya riga ka sai ka koma gida da haƙuri. Aikina ke nan, sai dai ni intanet nake rabawa. Shagona yana Sabon Gari, da yara uku masu ja min waya da hawan rufi.

Tun da aka buɗe jami'ar Zinder a 2010, wadda yanzu ake kira André Salifou, garin ya cika da ɗalibai, kowa da salula a hannu. Wata makaranta mai zaman kanta ta kira ni bara, wai rezo ya mutu. Ina zuwa na tarar lafiyarsa lau. Mega 20 ne suke biya, wato yawan intanet ɗin da ke shigo musu kowace daƙiƙa, na'ura kusan 400 na sha a ciki. Raba ka gani: kilobit 50 kowanensu, ko hoto ba zai buɗe ba.

Shugabanni sun ɗora laifin kan TikTok. Da gaskiyarsu, amma rabi. Da na zauna gaban MikroTik ɗin, na'urar da ke raba musu intanet, yini biyu, babban ɓarawon shi ne kwamfutoci da wayoyin da ke sabunta kansu ba da sanin mai su ba. Kwamfuta guda mai Windows kan zuƙe fiye da giga ɗaya wajen sabunta kanta. Na tura wannan zuwa bayan sha biyun dare. Kowane ɗalibi na ba shi tike da lambarsa, na'ura biyu kacal. Dandalin darussa da laburare na sa su gaba, bidiyo ya bi layi. Ban toshe shi ba, don wanda ka toshe gobe zai dawo da VPN, manhajar da ke kewaye toshiya. Dabarar nan ta ajiye kwafin shafuka a kwamfutar makaranta don kowa ya buɗe daga can kuwa ta tsufa, tunda yau kusan komai a kulle yake tafiya.

Wani yaro ya tare ni bakin ƙofa: "Malam, ka rage mana rezo." Na ce, "Ɗana, rabon ɗan'uwanka na karɓe daga hannunka."

Da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ya shigo Nijar a 2025 wasu sun ce kasuwata ta watse. Makarantar ta sayi faranti ɗaya. Sati uku aka yi ana murna, a na huɗu suka sake bugo min waya.