Su Baba sun dawo Kano

Yau sati uku ke nan da su Baba suka tare a sabon gidansu a Rijiyar Zaki, layi biyu tsakaninmu. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati a Legas, amma bayan ritaya sai da muka shekara huɗu muna lallaɓa shi kafin ya yarda ya bar Agege.

Ranar da motar kaya ta iso na sha dariya. Hajiya ta bar kujeru da firiji can, ta ce a raba wa maƙwabta, amma tsohon turminta da gindinsa ya tsage har aka ɗaure da waya, shi aka naɗe da zane aka sa a gaban mota. Na ce, "Hajiya, ai ga turame nan birjik a kasuwa." Ta harare ni, ta ce a cikinsa aka daka yajin jegon haihuwata. Na ja bakina na yi shiru.

Baba ne dai bai saki jiki ba tukuna. Hunturu ya fasa masa dugadugai, kuma in ya ce "gida", Agege yake nufi. Bayan sallar asuba yakan tsaya a ƙofar masallaci yana duban fuskoki, bai san kowa ba. Abin ya taɓa ni.

Jiya kuwa na tarar da autata a kan cinyarsa tana jan gemunsa, yana cewa amaryarsa ta fi Hajiya iya haɗa shayi. Hajiya daga kicin ta ce to kishiyar ta taso ta ɗora tuwon dare.