Ga masu shirin baftisma a Damagaram

'Yan'uwa cikin Almasihu, tuba ce gaba, ruwa na biye. Haka Bitrus ya jera su a Ayyukan Manzanni 2:38. Shi ya sa ake fara da ajin koyarwa, sannan dattawan ikilisiya su zauna da kai su ji shaidarka. In ka ci haƙƙin wani, ka mayar masa tun kafin ranar.

Ranar kuwa, ruwa ya kai ƙugu ko ƙirji. A sa tufa mai kauri, don farin yadi mara nauyi in ya jiƙe ba ya rufe jiki, mata ku kula. In za a nutsar da kai, ka toshe hanci, ka saki gwiwa. Mai sandarewa don tsoro shi ke shan ruwa, ya kuma wahalar da fasto wajen ɗago shi. In hunturu ne, a jira rana ta ɗaga.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa "sai na gyaru tukuna". A Luka 15, yaron da ya bar gida ya ɓatar da dukiyarsa ya komo, yana nesa, ko wanka bai yi ba, uban ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Ceto kyauta ne, Afisawa 2:8. Masu jinkiri, ku je ku ga fastonku ran Lahadi.