Shafi biyu bayan kowace salla

Duk shekara idan azumi ya zo sai in ɗau alwashi wai zan sauke Alƙur'ani sau uku, kuma daga nan ba zan sake barin karatu ba har mutuwa. Kwana goman farko kam wallahi ina ƙoƙari, amma da an yi salla an ci tuwo an gama yawon barka da salla, shikenan, sai Mus'hafin ya koma kan wardrob yana shan ƙura har wani azumin.

Bara sai wata yayata ta ce min ni fa matsalata haɗama ce, in daina lissafin shekara in yi lissafin yini. Ta ce bugun Madina shafi 604 ne, idan na karanta shafi biyu bayan kowace salla to shafi goma kenan a rana, kusan izu ɗaya, wata biyu na sauke. Ni dai da farko raina abin na yi, shafi biyu kuma? Minti biyar fa bai kai ba. Amma dabarar ita ce an ɗaure shi a jikin sallar da dama dole zan yi, ba sai na nemo wani lokaci na daban ba, kuma na bar Mus'hafin kan darduma ba cikin ɗaki ba.

Akwai ranakun da karatun bayan Azahar ya kuɓuce min saboda aiki, ban rama ba, na ci gaba da La'asar kawai. Yanzu ina Suratul Kahfi a sauka ta huɗu.