Jirgin da ba ya shan fetur

Ranar Asabar da ta wuce na je Dadin Kowa sayen kifi, daga Gombe bai kai kilomita 40 ba a hanyar Biu, kuma iskar hunturun nan tana kaɗawa sai ka ga ruwan dam ɗin yana ta tattarewa kamar tabarma. Ina tsaye ina jiran a gama ciniki sai zuciyata ta koma Legas, wajen wani tsere da na kalla watannin baya da na je wurin yayana, har yanzu abin bai bar raina ba wallahi.

Tseren ƙananan jiragen ruwa ne masu ƙyalle, babu inji babu filafili, iska ce kawai ke tura su. Ashe tsohon abu ne a can, kulob ɗinsu na Lagos Yacht Club tun 1932 aka kafa shi, kuma ƙarshen mako suke fitowa. Jirgin mutum ɗaya da ake ce wa Laser tsawonsa mita 4 ne da ɗan kai, da shi ake gasar Olamfik tun 1996, akwai kuma na yara wai shi Optimist mai kama da akwati, da shi yaro ke koyo har ya kai shekara 15.

Tashin ma kallo ne. Ba jerawa ake yi a tsaya cak kamar sukuwar dawaki ba, don jirgi ba shi da birki, ana busa ƙaho saura minti 5, a sake a minti 4, a sake saura minti 1, su kuwa suna ta kewaye-kewaye a bayan layi kowa na so ƙahon ƙarshe ya same shi a guje daidai bakin layin, wanda ya yi gaggawa ya haye kafin lokaci sai ya dawo ya sake. Kuma mai ƙarancin maki shi ke cin gasa, na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, haka har a haɗa lissafin duk tseren.

To shi ne na ciro waya na nuna wa wani dattijo masunci da nake sayen karfasa a hannunsa bidiyon da na ɗauka. Ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Yaro, wannan ai iska yake fuskanta, ya aka yi yake ci gaba?" Na ce Baba ai nan ne gizo ke saƙar. Jirgin ba ya iya shiga cikin iska kai tsaye, a karkace yake tafiya, ya yi dama ya juyo ya yi hagu, kamar mai hawan dutse da kaya, kuma akwai wani allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya nutse cikin ruwa, shi ke hana iska ta share shi gefe. Kafin in rufe baki Baba ya ɗaga tafin hannunsa a tsaye ya nuna min yadda allon zai tokare ruwa. Ni sai da aka yi min bayani sau uku a Legas kafin na gane, shi kallo ɗaya ya ishe shi.

Abin da ya fi taɓa ni dai kifewa ce. A gabana wani jirgi ya kife, gabana ya faɗi na fara salati, amma yarinyar da ke ciki, da rigar kariya a jikinta, ta zagayo ta kama allon nan ta ɗora nauyinta a kai, jirgi ya miƙe ƙyalle na zubar da ruwa, ta haye ta ci gaba da tsere abinta, ga jirgin ceto mai inji yana kusa ko taɓa ta bai yi ba. Tun farkon koyo ake koya musu faɗuwa da tashi. Mu kuwa kifewar kwale-kwale labarin zaman makoki ce, kowace damina sai mun ji a rediyo, mutane cunkus babu mai rigar kariya ko ɗaya, kuma abin da muka iya gaya wa yaranmu kawai shi ne kar ku je bakin ruwa. Wannan yana min ciwo sosai, ga ruwa Allah ya ba mu a kan kogin Gongola, ga iska kyauta, ga yaran masunta da suka san ruwan nan kamar yunwar cikinsu.

Baba bai bar ni haka ba fa. Ya ce, "Can suna da dorina?" Na ce babu. Ya ce to mu muna da ita, sai an san inda take kwana kafin a saka ɗan wani a ruwa, sannan ga taru da mutane suka kafa, ga kututturan da ruwa ya rufe. Gaskiyarsa ce, duk mai son fara irin wannan a nan ƙofar sarkin ruwa zai fara yin sallama.

Da zan tafi ya duƙa ya debi yashi ya sake shi a hankali yana kallon inda ya nufa, ya ce in tura wa ɗansa bidiyon ta WhatsApp, akwai wani tsohon tamfol a gida, yana so ya ga yadda suka ɗaure ƙyallen a jikin sandar.